Jan Zare a Katifar Dije

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Sau uku ina farawa ina yage takardar, don ina tsoron kada in tona abin da yara suka sha wahala suka rufe, kuma ina tsoron kada a ce tsohuwa na neman wanke kanta. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri. Abin da ya sa na yarda na rubuta shi ne, an ɗauki ɗiyar ƙanwata aikin kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ta zo tana tambayata yadda ake yin aikin. Na gaya mata yadda ake raba sabulu da yadda ake duba farce da kitso, amma wannan na kasa faɗa mata da baki. To ga shi a rubuce, dominta da sauran masu wannan aiki.

Har yau ban manta da safiyar Talatar da na juya katifar Kulu na ga jan zare ba. Amma sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da zaren yake nufi.

A shekarar 1983 ina aiki a wata makarantar firamare ta kwana ta 'yan mata a ƙasar Bodinga. A sama akwai shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya. Ƙarƙashinta malamai, ƙarƙashin malamai kuma mu ƙananan ma'aikata: masu dafa abinci, mai gadi, da mu masu kula da ɗakunan kwana. Ni ɗakin 'yan aji shida aka ba ni, yara 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Inna Mairo suke kirana. Gadajen ƙarfe ne jere biyu, kowane da lambarsa an rubuta da fenti, kowane da katifar ciyawa.

Kowace safiya, bayan sallar asuba, kafin a buga ƙararrawar koko, nakan bi gadajen ɗaya bayan ɗaya ina shafa katifa da hannu. In na ji danshi sai in duba lambar gadon, in rubuta sunan mai gadon a wani littafi mai baƙin bango. Ranar Juma'a in kai wa Hajiya littafin ta sa hannu. Dokar fitsarin kwance hawa uku ce. Na farko gargaɗi. Na biyu a ɗora wa yarinya katifarta a kai ta zaga filin makaranta, sauran na biye da ita suna tafi suna yi mata waƙa, don a lokacin kowa ya yarda kunya ce maganin abin. Na uku a mai da ita gida sai ta warke. A bakin doka sai ta warke ne, amma a iya zamana ban ga wadda aka mayar ta dawo ba.

Dokar ta ƙara tsanani a wannan shekara saboda an shiga matsi. Nama ya ɓace daga miya, sabulu ya koma rabi, katifa kuwa tun bara ba a aiko da ko guda ba. Wadda ta ruɓe ta ruɓe ke nan, mai ita ta koma tabarma a kan ƙarfe.

Dije ce mai gado na tara. 'Yar Fulani ce daga wata ruga kusa da Mandera, ita ce mafi ƙanƙanta a ɗakin, kuma malamin lissafi ya ce bai taɓa koyar da mai kanta ba. A zangon farko na rubuta sunanta sau biyu, aka zaga da ita. Daga ranar katifarta ba ta sake jiƙa ba. Na yi murna, har na ce wa Hajiya ga shi kunya ta yi aiki.

Ƙawarta ita ce Rabi, mai gado na goma, ɗiyar wani malamin asibiti da aka turo aiki Shagari. Doguwa ce, mai baki, ba ta barin ta kwana. Sun ƙulla ƙawance irin na yaran lokacin: Rabi ta raba 'yan kunnenta, ta sa ɗaya, Dije ta sa ɗaya. Duk wanda ya gan su da ɗan kunne guda guda ya san kwanonsu ɗaya, bokitinsu ɗaya, kuma wanda ya taɓa Dije da Rabi zai yi.

Bayan mun dawo hutu, wata safiya na shafa gado na goma na ji shi jiƙe. Tun da Rabi ta zo hannuna, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Na ce, "Rabi, mi yas same ki?"

Ta ce, "Mafarki niy yi, Inna. Ga ni bayan gida, ga buta, komi daidai."

Yara suka yi dariya, ita ma ta yi. Wannan dariyar ce ta fara damuna. Na sha ganin yaran da abin ya kama, ba su dariya, ba su ma iya ɗaga kai. Na rubuta sunanta, amma raina bai kwanta ba.

Ni mutum ce mai yawan tunani, tun ina yarinya haka nake. Na fara zargin wata ce ke zuba mata ruwa don mugunta, amma hancina ya riga ya shaida ba ruwa ba ne. Na koma zargin tsargiya, don yaran kan je gulbi lokacin hutu. Na nemi izini na kai ta asibiti, aka duba aka ce lafiyarta lau. A hanyar dawowa ta ce mini, "Inna, don Allah kak ki bari Baba shi ji." Na ƙara wannan a cikin abin zargi. Na koma tunanin iskoki, na sayo turare na yi hayaƙi a kusurwar da gadajensu suke. Tumba, wata dattijuwa mai dafa abinci wadda ta girme ni a aiki, ta gan ni da kasko ta ce, "Mairo, ke dai in ba ki samu abin damuwa ba sai kin ara. Ɗiya ta sha ruwa ta yi hitsari, mi ag gamin aljanu?"

Bayan wata guda, gado na goma ya sake jiƙa. Aka ɗora wa Rabi katifa a kai. Yaran da ta saba yi wa tsawa suka samu ranar ramuwa, suka buɗe murya iya ƙarfinsu. Ta zaga filin kanta a miƙe, ba ta yi kuka ba. Wadda ta yi kuka Dije ce, tana tsaye jikin darbejiyar bayan kicin, ta cusa gefen ɗankwalinta a baki. Na ce a raina ƙawa ce, dole ta ji zafi.

Da Rabi ta sauke katifar a rana, na ga wani faci a gefenta, na shuɗin yadi. Ni nake yi wa katifun faci, kuma ina jin wannan shuɗin a gado na tara na sa shi. Amma ban tabbata ba. Na kwana uku ina tambayar kaina, tara ne ko goma? Ina tsoron in zargi yara a kan abin da ƙila mantuwata ce.

Ana cikin haka sai Kulu ta shigo lamarin. Kulu 'yar Sifawa ce, ɗiyar manomin albasa, mai gado na sha ɗaya. Tun da ta zo ba ta da ƙawa. Yara sun ce akwatinta na warin albasa, suna toshe hanci in ta wuce. Abinci mutum huɗu huɗu ake zuba wa a kwano, ita kuwa kullum ita ce ake tura wa duk kwanon da bai cika ba, ta zauna a gefe ta ci loma biyar ta tashi. Na sha yi musu faɗa, amma faɗa ba ya sa a so mutum.

Wata rana da rana sai na ga Kulu a kwanon su Rabi, tana ci tana dariya. Na duba kunnenta, ga ɗan kunnen Rabi. Rabi kuwa ta sa tsinke a hujinta. Wata mai kula da yara da ta ga haka sai ta gode wa Allah. Ni kuwa zargi ne ya zo mini. Me Rabi ke so a wurin yarinyar da jiya take toshe wa hanci? Na fara lura da su. In na doso sai su yi shiru. Da yamma in an tafi ɗiban ruwa, su ukun su koma bayan kicin suna ƙus-ƙus, Rabi na lissafa wani abu da yatsu.

Ranar Asabar ake fitar da katifu duka a shanya. Da yara suka tafi wanki, na ɗauko allura da jan zare, na je katifar gado na tara, na juya ta, na yi ɗinki uku ƙanana a kusurwar ƙasa inda ido ba ya kai. Ina yi ina waige kamar ina sata. Ban gaya wa kowa ba, ko Tumba.

Kwana goma ba abin da ya faru. Ranar Talata da safe na shafa tara, bushe. Goma, bushe. Sha ɗaya, jiƙe. Kulu na tsaye a gefen gadon, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta ga ana yi. Na juya katifar. Ga jan zarena, ɗinki uku.

Nan take na gane komai. Idan aka kira asuba yara suka fita alwala, ni ma nakan shiga ɗakina in yi salla. A wannan ɗan tsakanin suke musanya katifa. Dije ba ta taɓa warkewa ba. Saura mata ɗaya a kore ta, sai Rabi ta ɗauki biyu a kanta, har da zagayen fili. Da nata suka ƙare, aka samo Kulu. Ni kuwa wata da watanni ina duba lambar gado, ban taɓa duba yarinyar da ta kwana a kai ba.

Na tsinke zaren da farce na ɓoye a hannu. Na ce a fitar da katifar rana. Ban rubuta komai a littafi ba.

Bayan an tashi daga aji na kira su ukun ƙarƙashin darbejiya. Abin da ke raina shi ne Rabi ta sayi Kulu da ɗan kunne da kwanon tuwo.

Na ce, "Katifar da anka shanya yau ta gado na tara ta. Kak ku wahal da ni."

Na juya wajen Rabi.

Na ce, "Rabi, ba ki ji tsoron Allah ba? Kin ga yarinya ba ta da kowa, kin jawo ta don ta ɗauki abin da ba ta yi ba?"

Kulu ce ta amsa. Ta ce, "Inna, ba ita ta jawo ni ba. Ni nig gan su suna musanya tun rannan, don ni ka hita ƙarshe, ba mai jirana. Ban gaya ma kowa ba. Da anka zaga da Rabi, ni nit tai nic ce a ba ni nau rabo. Ina da biyu da ban taɓa ba."

Rabi ta ce, "Sau biyu muna ce mata a'a."

Na ce, "To ɗan kunnen hwa?"

Rabi ta ce, "Mutum shi ɗauki katifarka, ka bar shi shi ci tuwo shi kaɗai?"

Dije ta yi magana a hankali, idonta a ƙasa. Ta ce, "Inna, Baffa ya ce in anka maido ni, na zauna ke nan, in kama ma innata tallar nono. Saura sati biyar mu yi jarrabawa."

Jarrabawar shiga sakandare take nufi. Sun yi lissafinsu tsaf. Abin yakan zo mata kamar sau ɗaya a wata, biyun Kulu za su kai su.

Sai Rabi ta dube ni ta ce, "Inna, wa yag gaya miki?"

A nan na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Tun ranar da na kama aiki, manyanmu suka koya mini cewa kada ka taɓa gaya wa yaro yadda ka gane abu, don ya riƙa jin kana da ido ko'ina. Zaren na ƙulle a bakin zanena. Kuma gaskiya ina jin kunyar in ce ni, babba, na laɓe na yi wa katifar yara alama. Sai na ce, "Ina da kunne cikin ɗakinku."

Na ga idon Rabi ya tashi daga kaina ya sauka a kan Kulu. Na gani, amma hankalina na kan littafi, ban tsaya a kai ba.

Daga Talata zuwa Juma'a ban ci abincin kirki ba. In na rubuta Kulu, na rubuta ƙarya da hannuna, kuma an ba ni amanar littafin. In na rubuta Dije, na kore ta. Sai na yanke shawarar in bar shafin fari, in yi shiru, Allah ya yafe mini.

Ranar Juma'a na kai littafin ofis. Na durƙusa na gaida Hajiya, ta buɗe, ta ɗauki biro, sai ta tsaya.

Ta ce, "Mairo, ran Talata na ga katifa a rana bayan ɗakinku. Ban ga suna ba."

Kalmar kuɗin cizo ta zo har bakina. Da na ce kuɗin cizo ne suka sa na shanya ta, da ta sa hannu na tafi, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Na kasa. Na ce, "Ranki shi daɗe, in da za a samu yarinya ta ɗauki laihin wata don tausai, mi doka tac ce?"

Ta ajiye biro ta ce, "Wace yarinya?"

Na faɗa mata duka, amma ban da zaren. Ita ma ba ta tambaye ni yadda na gane ba.

Hajiya ba muguwa ba ce. Ta ce bara ta mayar da yara biyu gida a kan wannan doka, in ta ɗaga wa Dije, me za ta ce wa iyayensu? Ta ce Rabi da Kulu ba za a taɓa su ba. Dije za ta tafi gida, amma sunanta na nan cikin masu jarrabawa, ta zo ranar ta rubuta. Na roƙe ta har na yi hawaye. Ta ce, "Mairo, iyakar abin da ni ka iyawa ke nan."

Ranar Litinin baffan Dije ya zo. Rabi ce ta ɗauko mata akwati har bakin ƙofa. Kulu ta biyo su da bokitin Dije, Rabi ta juya ta karɓe bokitin, ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni ɗan kunnena." Kulu ta cire ta ba ta. Ta ce, "Dije, wallahi ba ni ba ta." Dije ba ta dube ta ba. Ta bi bayan baffanta suka nufi bakin titi.

Ina tsaye a wurin. Zaren na bakin zanena. Hajiya da malamai biyu na tsaye, na ji nauyin in buɗe baki a gabansu. Na ce a raina bari a watse in kira yaran in yi musu bayani, Dije kuma in ta zo jarrabawa in gaya mata.

Da yamma na samu Kulu zaune ita kaɗai a bakin gadonta. Kafin in yi magana ta ce, "Inna, saura guda gare ni hwa. Da kin bari."

Na kira Rabi, na kwance bakin zanena na nuna musu zaren, na gaya musu yadda na yi. Rabi ta daɗe tana kallonsa. Ta cire ɗan kunnen ta sa wa Kulu da hannunta. Daga ranar har ta bar makarantar, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ita.

Ranar jarrabawa ni da Rabi da Kulu muka tsaya bakin ƙofa tun da safe, har aka buga ƙararrawa suka shiga. Ni na ci gaba da tsayuwa har azahar. Dije ba ta zo ba. Da aka yi hutu na shiga mota na je Mandera, na tambayi rugarsu. Damina ta yi gardama a shekarar, aka ce sun tashi da shanunsu sun yi kudu, ba wanda ya san inda suka sauka.

Na yi shekara goma sha tara a aikin bayan wannan. Na nemi shimfiɗar roba na ajiye a ɗakina da tabarma guda, duk yarinyar da na ga alamar abin gare ta sai in ba ta a ɓoye, in kuma riƙa tashinta kafin sauran. Ban sake rubuta suna na uku a littafin ba, kuma ban yi ƙarya ba, don katifa ba ta sake jiƙa ba. Da na yi wannan tunanin tun farko, da ba a kai ga zare ba.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, abin da zan ce muku kaɗan ne. In kun ga yara sun haɗa kai suna ɓoye abu, ba kullum ɓarna suke rufewa ba, wani lokaci mutum suke rufewa. Ku bincika, aikinku ne. Amma in kun gano, ku faɗi yadda kuka gano. Kalma ɗaya da na faɗa don a ji tsorona, a kan yarinyar da ba ta da kowa ta sauka.

Rabi, an yi wa babanta canjin wurin aiki, na ji ta yi karatu mai zurfi. Kulu ta zama malamar makaranta, mukan haɗu a tashar Bodinga. Takan durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, kuma duk haɗuwarmu tambayarta ɗaya ce: "Inna, an ji labarin Dije?"

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. Sunanta Hadiza, ana ce mata Dije, daga rugar da ke kusa da Mandera. Gajera ce, fara, tana da wushirya, kuma ta bar mu da ɗan kunne guda a kunnen hagu. Wanda ya san inda take, ko ya san 'ya'yanta, ya aiko da saƙo ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zai iso gare ni. In kuma ba ta son jin sunana, ban ga laifinta ba, ba sai ta neme ni ba. A dai gaya mata zare ne na ɗinka a katifarta. Kulu ba ta faɗa wa kowa ba.